Lamba Arba'in da Bakwai

A Andheri, hawa na uku, fanka ɗaya ce,
mu sittin muke rabon iskarta.
Kowace ta rungume allo a ƙirji:
suna, shekaru, tsawo.
Ba a bar gurbin launi ba,
ido ne ke cike wannan.

Girija sunana, daga dajin Yellapur.
Kakannin kakannina teku ta kawo su
tun kafin a ƙera kyamara.
Siddi ake ce mana.
A ƙasar nan aka binne cibiyata,
a ƙasar nan aka binne ubana.

Yaron da ke kiran lamba ya dube ni,
ya karya harshe zuwa Turanci:
"Baƙuwa, yaushe kika sauka?"
Na amsa da Hindi, na ɗora da Konkani.
Ya tafa hannu, "Kai, ta iya!"
kamar an koya wa aku sallama.

Shekara shida ke nan.
Na fito budurwar dillalin ƙwaya, aka harbe ni tun ba a zauna ba.
Na fito sarauniyar wata ƙasa da babu ita a taswira,
an rataya mini haƙoran roba a wuya.
Sau huɗu na ɗauki faranti,
sau huɗu na ce, "Ga shayi, uwar ɗaki."
Ƙarshen zance.

Yau malamar ƙauye ake nema,
mai koyar da yara a bakin daji.
Uwata shekara talatin tana wannan aiki,
har yau akwai alli a ƙarƙashin farcenta.
Na karanta takardar ban haɗiye yawu ba.
Ɗakin ya yi tsit, sai kukan fanka.
Darakta Talwar ya cire tabarau, ya share ido.
"Kin taɓa ni," in ji shi.
"Amma wa zai yarda ke 'yar Indiya ce?"

Lamba arba'in da takwas aka ɗauka,
Niharika, fara sol kamar tsakiyar kwakwa,
yarinyar kirki, ita ta ara mini laima.
Shekararta ashirin da biyu.
Jarumin ya doshi sittin, gashinsa na shan rini kowace Talata,
wadda ya yi wa rawa a cikin ruwan sama shekarun baya
yanzu ita ce uwarsa, tana tari a kan gado.

Ni ma dai ban tashi a tutar babu ba.
An ba ni aikin koya mata tafiyar 'yan daji,
da yadda ake lanƙwasa harshe irin namu.
Kullum da asuba, sa'a biyu cur,
mai kwalliya na shafa mata duhu daga gwangwani.
Ran farko ya kamo hannuna,
ya kara da kumatunta, ya ƙanƙance ido,
ya ce wa yaronsa, "Kar ya kai haka.
Rage."

Da magariba auduga uku ke goge nata.
Ni da nawa muke hawa jirgin ƙasa.

Jiya uwata ta kira, layin na yankewa:
"A wane minti za ki fito? Na gaya wa maƙwabta."
Na ce, Amma, ki duba yadda take riƙe alli,
ɗan yatsa a tanƙware, kamar mai tsinkar barkono.
Hannunki ne. Ni na kai shi can.
Ta yi shiru. Ta ce, "To, fuskar fa?"

Ruwa ya tsuge a Versova, warin busasshen kifi ya taso.
Gobe ƙarfe tara akwai wani gwajin,
an ce 'yar aiki, mai fara'a.
Na jiƙa tsumma na goge allon,
na sake rubuta Girija,
na ɗan ƙara wa haruffan girma.